Kwana huɗu da barin sigari, jikina duk ya rikice

Ɗan Tudun Wada: Salam 'yan uwa, shawara nake nema don Allah. Shekara 11 ina shan sigari, ranar Juma'a na ajiye saboda tarin da 'yata ke yi in na shigo ɗaki. To tun ranar bacci ya ƙaurace min, kai na sarawa, ga saurin fushi, jiya a shago na daka wa yarona tsawa kan abin da bai taka kara ya karya ba har na ji kunya. Haka abin yake ko wani ciwon ne?

Mazaunin Samaru: Haka yake yayana, jiki ne ke neman nikotin, sinadarin cikin sigari da ya saba da shi. Kwana ukun farko sun fi zafi, cikin sati biyu zuwa huɗu yawanci sai ya lafa. Ni bayan cin abinci sha'awar sigarin ta fi taso min, sai in sa asuwaki a baki in fita zagaye, kafin minti goma ta sake ni. Majalisarmu ta wajen mai shayi ma sai da na ƙaurace mata wata guda.

Maman Biyu: Sannu malam, Allah ya dafa maka. Ka rage goro da kofi da yamma, wanda ya bar sigari sun fi daɗewa a jikinsa, su ma suna hana bacci. Akwai cingam na nikotin, tambayi likita. Amma in ƙirji na ciwo ko numfashi na sarƙewa kar ka jira, wuce asibitin Shika.

Ɗan Tudun Wada: Wallahi goro uku na ci jiya da daddare. Na gode, yau zan bari.