Neman shawara: inji ne ke tura mota ko gogayyar taya da titi?

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ɗana yana ajin ƙarshe na babbar sakandare a nan Kumasi, yana shirin jarrabawar WASSCE. A gwajin fiziks an tambaye su: "Wane ƙarfi ne ke sa mota tafiya gaba?" Ya zaɓi ƙarfin inji, malamin ya soke, ya ce amsar ita ce gogayya tsakanin taya da titi. Shekara ashirin ina tuƙa trotro, wato ƙaramar bas ta haya, kuma abin da na sani shi ne gogayya tsayar da mota take yi. Shin in je in sami malamin, ko kuwa yaron ne bai gane karatun ba?

Wani malamin kimiyya daga Asawase:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Amsar malamin daidai take bisa dokokin motsi da Isaac Newton ya wallafa a 1687. Inji ɓangare ne na motar, kuma ƙarfin da ke cikin abu ba ya iya tura abin gaba ɗayansa, kamar yadda fasinja ba zai motsa trotro ba komai tura kujerar gabansa da ya yi. Aikin inji shi ne juya tayoyi. Taya ta tura titi baya, titi kuma ya tura taya gaba da ƙarfi daidai da wancan, kuma ta hanyar gogayya ake wannan turin. Sai dai yaronku yana da hujja, domin kalmar "sa" ta haɗa abubuwa biyu: inda makamashi ke fitowa, wato man da inji ke ƙonawa, da kuma ƙarfin da ke taɓa motar daga waje. Titi ba ya ba mota makamashi ko kaɗan. Da an rubuta "wane ƙarfi daga waje", da babu gardama, kuma a ganina laifin mai tsara tambayar ne.

Wani makaniki daga Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi:
Alhaji, ku tuna damina. Mota ta kafe a laka, inji na ruri, tayoyi na juyawa, amma ba ta gusa ba sai an cusa duwatsu ko katako a ƙarƙashin taya. Injin bai canja ba, riƙon ƙasa ne ya dawo. Gogayyar da ke tsayar da ku idan kun taka birki ita ce kuma ke tafiyar da ku idan kun taka totur.

Wata malama daga Aboabo:
Baba, kada ku je da kanku tukuna. Ku bar yaron ya sami malamin cikin ladabi, ya nuna masa fassarori biyun da tambayar ke ɗauka. Ko makin bai dawo ba, malamin zai gyara lafazin ga na baya. A zauren jarrabawa kuwa yaron ba shi da wanda zai tambaya, don haka idan ya ga kalmar "ƙarfi" a tambayar motsi, ya zana motar a gefen takarda, ya sa kibiya kan abubuwan da ke aiki a kanta daga waje kaɗai: titi, iska, da jan ƙasa.