Na sa wa sifikar situdiyo mashigar XLR, amma ƙugi ya ƙi tafiya

Mai tambaya: Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina da sifikun situdiyo guda biyu masu amfilifaya a ciki, waɗanda mashigar RCA, wato irin ƙaramin soket ɗin sauti na rediyo da bidiyon gida, kawai suka zo da ita. Da yake miksata tana fitar da sauti ta XLR, wato soket mai ƙafa uku irin na makirfo, sai na haɗa ƙaramin fanel da ayisi NE5532 (ƙaramin cif mai ƙara sauti) da resista huɗu masu 10k (ohm dubu goma), na ba shi wutar bolt +15 da -15 daga cikin sifikar, domin ya karɓi sautin ta waya uku. Sauti yana fita, amma matsaloli biyu sun hana ni aiki: akwai ƙugi mai kauri da ke farawa da zarar na jona wayar miksa, ko a wutar gari ko a janareta, sannan murya tana fashewa idan na ɗaga miksar kaɗan. Ina neman shawararku kafin in taɓa sifika ta biyu.

Mai gyaran rediyo: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka rage maɓallin ƙarar sifikar har ƙarshe, ka ji ko ƙugin ya ragu. Sannan ka gaya mana inda ka liƙa ƙafa ta 1 ta soket ɗin XLR.

Mai tambaya: Na gode, Malam. Ƙugin bai sauya ba ko da na rage ƙarar gaba ɗaya, kuma yana ɓacewa ne kawai idan na zare wayar. Ƙafa ta 2 da ta 3 suna kan resistocin shiga, ita kuwa ta 1 na liƙa ta a giraun ɗin fanel, wato layinsa na sifili.

Injiniyan sauti: To, a ganina ciwon yana nan. Ƙugin da maɓallin ƙara ba ya iya ragewa ba ta hanyar sauti yake shigowa ba, ta giraun yake bi. Ƙafa ta 1 tana ɗauke da ragar da ke lulluɓe da wayar, kuma duk lokacin da aka haɗa na'urori biyu masu shan wuta daban, ɗan ƙaramin lantarki mai bugawa 50 a daƙiƙa yana gudana ta cikin ragar nan daga ɗaya zuwa ɗaya. Da ka liƙa ta a fanel, ka buɗe masa hanya ya ratsa layin da amfilifaya take ɗauka a matsayin sifili, ita kuma ba ta bambanta shi da sauti, sai ta ƙara shi ta miƙa wa sifika. Wannan tsohuwar matsala ce da Neil Muncy ya yi bayaninta a mujallar AES, ƙungiyar injiniyoyin sauti, a 1995, daga baya ƙa'idar AES48 ta 2005 ta tabbatar da maganinta: ƙafa ta 1 ta tafi kai tsaye jikin farantin ƙarfen bayan sifikar, daidai inda soket yake, da waya mafi gajarta. Ka kankare fentin wurin sosai har ƙarfe ya fito. Giraun ɗin fanel kuma ya haɗu da farantin a wuri ɗaya tak.

Wata ma'aikaciyar gidan rediyo: Yayana, ina ƙara maka da batun resistoci, domin da'irar nan ba ta kashe hayaniya sai gwargwadon yadda resistocin huɗu suka yi daidai da juna. Idan masu zoben zinare ne, wato masu kuskuren kashi 5 cikin ɗari, ka cire su, ka nemi masu kashi 1, ka auna da mita ka zaɓi waɗanda suka fi kusa. Idan ka samu ayisi INA134, wanda ke da wannan da'irar a cikinsa, ya fi sauƙi, tunda resistocinsa an daidaita su tun daga masana'anta.

Injiniyan sauti: Gaskiya ne, Hajiya. Fashewar murya kuwa daban take da ƙugin. Miksa tana fitar da kusan bolt 1.23, alhali mashigar RCA an tsara ta ne don kusan bolt 0.32, bambancin da ya kai desibel 12. Ka bar resistocin shiga biyu a 10k, ka mayar da sauran biyun 2.7k, wato wanda ke komawa daga mafitar ayisi da wanda ke sauka giraun. Dole ka sauya su tare, in ba haka ba daidaiton ya lalace.

Mai gyaran rediyo: Abu ɗaya nake roƙonka don girman Allah: kada wani ya ba ka shawarar karya ƙafar ƙasa ta filogin wuta. Ƙugin zai iya yin shiru, amma ranar da wuta ta taɓa farantin, jikin mai riƙe da makirfo ne zai zama hanyarta. Idan ƙugi ya saura bayan gyaran, ka jona miksa da sifikun a soket ɗin wuta ɗaya, ko ka sa taransifomar sauti mai 1:1 a tsakaninsu. Kuma ka zare wuta ka jira manyan kafasitoci su sauke wutar da suka tara kafin ka sa hannu ciki.

Mai tambaya: Allah ya saka muku da alheri. Na mayar da ƙafa ta 1 jikin faranti, ƙugin ya ragu har sai na kanga kunne nake jin sa. Resistocin nawa masu zoben zinare ne, don haka zan shiga kasuwa in nemo masu kashi 1, tare da 2.7k guda huɗu na sifikun biyu.