Neman shawara kan kafinta, don Allah a taimaka

Uwargida_Kano:
Salam 'yan uwa, ina son a yi min kabinet na kicin da wadirof ɗaya, amma wallahi tsoro nake ji, wancan kafintan na ba shi rabin kuɗi ya yi wata uku yana min gobe jibi, da ya kawo ma ƙofar ta lanƙwashe. Ya ake yi ne?

Ɗan Na'ibawa:
Hajiya ɗanyen katako ya sa miki, shi ne yake lanƙwashewa in ya bushe. Ki tura wani ya bi shi kasuwar 'Yan Katako a sayi kayan a gabansa, kuɗin aiki kuma daban, kar ki biya duka sai ya kafa kin buɗe kin rufe.

Maman Biyu:
Gaskiya ne. Kuma kicin kar ki yarda da MDF (allon nan na garin katako da aka matse) wajen sinki, ruwa na taɓa shi ya kumbura, nawa haka ya yi. A sa marine plywood (falankin da ke jure ruwa) ko da ya fi tsada, a shafa maganin gara tun kafin fenti.

Uwargida_Kano:
Na gode sosai, hinjis fa wane iri zan ce ya saya?