Abokan aikina 'yan Pakistan sun ce in shiga ƙungiyarsu ta kurket, in biya ko in haƙura?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. A wani sito nake aiki a Riyad, yawancinmu 'yan Pakistan ne. Duk Juma'a bayan Asuba sukan fita wani fili su buga kurket. Ɗaya daga cikinsu ya tafi ganin gida, sun ce in cike gurbinsa a gasar wata mai zuwa, kowa riyal 150. Ova goma-goma za a yi, da ƙwallon tef. Ni ko dokar ban sani ba. Wata ɗaya zai ishe ni koyo? Kuma dole sai na sayi kaya?

Malam Bazazzage: Wa alaikumus salam. Ba wuya gare shi ba. Kowane ɓangare mutum 11. Ɓangare ɗaya na jifa da tsaron fili, ɗayan ya turo mutum biyu da kulki. Akwai sanduna uku a kafe nan, uku can, tsakaninsu yadi 22, su ne wiket. Mai jifa so yake ya kayar da su, kai kuma ka kare su, ka maka ƙwallon nesa. In kai da abokinka kuka ruga kuka yi musayar wuri, maki ɗaya. In ƙwallon ta gangara ta wuce iyakar fili, huɗu. Ta tsallake ba ta taɓa ƙasa ba, shida. In aka cafe ta a sama, ko ta daki sandunan, ko aka kayar da su kafin ka iso, ka fita. Jifa shida ita ce ova ɗaya. An fitar da mutum goma ko ova ta ƙare, sai a juya.

Baban Ilham: Kada ka soma. Wasan kwana biyar ake yi fa, wa zai riƙe maka aikinka?

Malam Bazazzage: Alhaji, wancan Test ne, na manyan ƙasashe. Akwai na yini ɗaya mai ova 50, akwai T20 mai ova 20, kamar awa uku. Nasu ma goma ya ce, kafin rana ta yi zafi sun tashi.

Direban Jidda: Ƙanena, saurare ni. Haka aka yi mini, da dariya da shayi aka jawo ni. Mako shida ina tsaye can bakin iyaka rana na gasa ni, kulkin nan sau ɗaya ya shiga hannuna. Ran da aka matso da ni kusa, ƙwallo ta taho na sa hannu, ɗan yatsana ya karye. Kun san ta kuwa? Fata ce a waje, cikinta tauri kamar dutse, nauyinta wajen giram 160. Mako uku ban riƙe sitiyari ba, wurin aiki suka ce ba a bakin aiki na ji ciwo ba, suka zaftare mini albashi. Cikin waɗanda muke wasan, mutum biyu kaɗai suka leƙo ni. Har yau in sanyi ya shigo yatsan nan sai ya tuna mini.

Ummu Sadik: Subhanallahi, Allah ya ƙara sauƙi. Ai wani ɗan Ostiraliya, Phillip Hughes, ita ta kashe shi a 2014, a wuya ta same shi, da hular kwano a kansa.

Ɗan Fagge: Amin. Amma yaya, tamu ta tanis ce da ake naɗe wa tef ɗin masu gyaran wuta.

Direban Jidda: Da tef ake farawa. Ka sayi hula da safar hannu da abin ƙwauri, kulki kaɗai ni riyal 400 na saya.

Ɗan Agadas: 400? An cuce ka. Nawa 60 na saya a kasuwar Batha ta Riyad.

Direban Jidda: Na yara ka saya.

Malam Bazazzage: Kulkin ƙwallon tef daban, na ƙwallon fata daban, shi ya sa kuɗinku ya sha bamban. Kuma ƙungiya kan yi amfani da kulki biyu ko uku ne kowa ya ara. Kada ya sayi komai tukuna.

Direban Jidda: Malam, da girmanka, kai a talabijin ka san shi. Ni da ƙashina na biya.

Malam Bazazzage: Shekara uku na buga a sakandare. Kuma ba baƙon wasa ba ne a wurinmu, 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da 19 sun doke New Zealand a gasar duniya a Malesiya a 2025.

Ɗan Agadas: Ni dai na ji a na kwana biyar ɗin har hutun shan shayi ake yi. In da gaske ne a rubuta sunana, ɓangaren shayin zan tsare.

Baban Ilham: Ku bar zancen shayi. Direba, nawa suka cire maka? Ni zazzaɓi ya kwantar da ni kwana huɗu, da takardar asibiti a hannuna, aka cire na mako guda.

Ummu Sadik: Maigidana ma wata biyu ke nan ana ce musu gobe, jibi a kan albashi. Ga iƙama, takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa.

Direban Jidda: Rabin wata cur. Na je ofis sau uku, kullum manaja ba ya nan.

Ɗan Fagge: Allah ya fitar mana da haƙƙinmu. Amma don Allah, Alhamis za su karɓi kuɗin.

Baban Ilham: Direba, wa ka samu a ofishin? Da Larabci ka rubuta takardar ƙorafin ko da Turanci?