Awon tacrolimus na Baba ya fito 19, mu rage maganin?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata bakwai ke nan da aka yi ma mahaifinmu dashen zuciya a Indiya, yanzu yana gida nan Maradi. Yana shan magungunan hana jiki ƙin sabuwar zuciyar: tacrolimus safe da dare, da mycophenolate, da prednisolone. Sakamakon awon tacrolimus a jini ya dawo jiya, 19, ga hannunsa yana rawa, ga zawo kwana uku. Mu rage ƙwayar ne ko yaya?

Wata ma'aikaciyar labo: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Ƙarfe nawa aka ɗebi jinin, kuma ya riga ya sha na safe?

Mai tambaya: Ya sha ƙarfe 8, aka ɗiba wajen ƙarfe 10.

Ma'aikaciyar labo: To ga inda aka kuskure. Abin da ake aunawa shi ne ragowar maganin a jini lokacin da ya fi ƙaranci, wato awa 12 bayan na dare, kafin a sha na safe. Awa biyu bayan sha kuwa yana kan ganiyarsa, don haka wannan 19 ba abin dogaro ba ce. In ya sha ƙarfe 8 na dare, a ɗiba gab da ƙarfe 8 na safe, ya zo da ƙwayarsa cikin aljihu ya sha bayan an gama. A zuba cikin kwalbar EDTA, wato mai hana jini daskarewa, kuma kada a tace jinin, domin maganin cikin jajayen ƙwayoyin jini yake zaune. In za a aika Yamai, a sa cikin sanyi, a rubuta lokacin da ya sha na ƙarshe da lokacin ɗiba.

Wani likitan zuciya: Malam, kada ku rage ko ƙwaya ɗaya da kanku. Bayan wata shida yawanci ana neman 5 zuwa 10, amma waɗanda suka yi dashen su ke yanke nasa adadin. Sai dai kada ku saki jiki: zawo yana ɗaga tacrolimus da gaske, rawar hannu kuma alamar yawansa ce. A maimaita gobe, a haɗa da awon ƙoda, potasiyom, sukari da fararen ƙwayoyin jini, a kuma duba bayan gida, tunda mycophenolate kansa yana sa zawo. Ya sha ruwa sosai, zafin Maradi da zawo in suka haɗu ƙoda ce ke wahala. Ku sanar da likitocinsa yau. Zuciyar da aka dasa an yanke jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo, saboda haka in jiki ya fara ƙin ta, ba lalle ya ji ciwon ƙirji ba. Kasala, haki, kumburin ƙafa, zazzaɓi ko faɗuwar awon hawan jini, a tafi asibiti nan take.

Wani mai farmasi: Ku tambayi Baba ko wani ya ba shi wani magani kwanan nan, tsofaffi ba su cika faɗa ba. Fluconazole, erythromycin da clarithromycin suna ɗaga tacrolimus a jini. Rifampicin na tarin fuka yana zubar da shi ƙasa warwas, wannan ya fi haɗari ga zuciyar. Ban da ibuprofen da diclofenac, paracetamol ya isa. Ban da saƙe-saƙi da maganin 'yan tebur. Kuma Prograf da Advagraf duk tacrolimus ne, amma Prograf na sau biyu ne a rana, Advagraf sau ɗaya, kada a musanya su don ɗaya ya ƙare a kasuwa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Gobe kafin ƙarfe 8 muna labo, in sha Allahu.