Wa ya je Disney da ɗan shekara 2 tun da aka dawo da dokar takunkumin korona? (Hira ce ta watan Agustan 2021; dokoki da farashin da aka ambata a ciki na wancan lokacin ne.)

Maman Iman:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawarar waɗanda suka je da ƙafarsu nake nema. Mun shirya zuwa filin wasanni na Disney World a Orlando, jihar Florida ta Amurka, tsakiyar Oktoba, ni da maigidan da yara biyu, daga Maryland. Babban shekararsa 7, ya saba da takunkumi a makaranta, ba shi da matsala. Ƙaramar, Iman, ce damuwata, shekararta 2 da wata 4. Da muka biya kuɗin jirgi a watan Yuni an sassauta doka, sai ga shi ranar 30 ga Yulin 2021 sun dawo da ita: duk wanda ya kai shekara 2 sai ya sa takunkumi a cikin gini, ko an yi masa rigakafi ko ba a yi ba. Yarinyar nan ko hula ba ta bari a kanta. Ina ɗaura mata, kafin in juya ta fizge ta yar.

Abin da nake son sani shi ne, idan ta cire a tsakiyar layi ko a kan lilo, me ma'aikatan suke yi? Tunatarwa kawai ce, ko fitar da mutum suke? Juma'ar nan ce rana ta ƙarshe da zan iya fasa otal a mayar mana da kuɗinmu. Don Allah wanda ya je bayan 30 ga Yuli da yaro mai irin shekarunta ya ba ni labari.

Baban Sadiq:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki Maman Iman, jarirai ba a sa musu takunkumi. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka da kanta ta ce kar a sa wa yaron da bai kai shekara 2 ba, don zai iya shaƙe shi.

Maman Iman:
Baban Sadiq ai ta wuce 2, na faɗa a sama.

Anti Rabi Houston:
Mu mun je a watan Maris da jikana. A lokacin ko a waje sai da takunkumi, a ƙofa kuma su auna zafin goshinka. Ko hoto za ka ɗauka ba a yarda ka cire ba, abinci ma sai ka tsaya wuri guda. Ba sa karɓar mai 'yar ƙofar numfashi a gefe, ba sa karɓar ƙyallen da ake jawowa daga wuya, sai mai igiya a kunne ko wanda ake ɗaurewa ta ƙeya. Mun sha zafi amma yaro ya jure. Ki saya mata mai hoton Minnie, ɓerar nan ta katun ɗin Disney, za ki ga ta so shi.

Maman Iman:
Na gode Anti. Jikan naki shekararsa nawa?

Anti Rabi Houston:
Biyar ya cika da azumi.

Dan Gaye:
Ki ce shekararta 1 da wata 11 mana. Wa zai buɗe bakinta ya ƙirga haƙora? 😂

Malam Nura:
Dan Gaye, kar ka koya wa mutane ƙarya a zaure. Wasa ne na sani, amma wani zai ɗauka da gaske.

Maman Hanif:
Ku bar ta Disney tukuna, ƙanwata, ki fara tunanin yadda za ki isa can. Ni abin da ya same ni a watan Afrilu har yau in na tuna zuciyata tafasa take. Ba ma wurin wasa za mu ba, suna za mu je na ɗiyar yayata. Hanif yana da shekara 2 da wata 2. Mun shiga jirgi lafiya, takunkuminsa a fuska, don na daɗe ina lallaɓa shi a gida da alawa da waƙa. Jirgi ya ja baya, sai aka tsayar da mu a layin tashi, sanyin ciki ya ragu, yaro ya fara gumi. Ya cire. Na mayar. Ya cire, ya fashe da kuka, majina da yawu suka jiƙa takunkumin sharkaf. Na ciro sabo daga jaka, ya ture hannuna.

Ma'aikaciyar jirgi ta zo ta tambayi shekarunsa, alhali ranar haihuwarsa tana kan tikiti, tunda wanda ya kai 2 kujerarsa daban ake saya masa. Don haka Dan Gaye, dabararka ba ta aiki a sama. Na ce mata ta ba ni minti kaɗan zai yi barci. Na ba shi kofin ruwansa, ta ce shan ruwa ba zai zama hujjar zama babu takunkumi ba. Na danne hannayensa biyu da hannu ɗaya ina riƙe ƙyallen a bakinsa da ɗayan, yana shure-shure, ni ma hawaye na zuba. Wata dattijuwa Baturiya a bayanmu ta ce a ƙyale yaron, ba wanda ya saurare ta.

Wallahi sai ji muka yi jirgi ya koma ƙofa. Aka kira sunanmu. Na ɗauki yaro, na ɗauki jakar madara, na bi ta tsakanin kujeru kowa yana kallona, wasu da waya a sama suna ɗauka. Da hijabina. Ba na cewa don shi aka yi, amma kun san yadda mutum yake ji. Akwatinmu ya tafi ba mu. Suna ya wuce ban je ba, yayata har yau tana ganin da na so da na iso.

Kuɗin kuma ba su mayar ba, takardar bashi suka ba ni wai in yi wata tafiya da ita. In hau jirginsu kuma? Allah ya kiyaye.

Hajiya Ladi:
Innalillahi. Sannu Maman Hanif. Ai wannan cin mutunci ne.

Maman Hanif:
Abin da ya fi ƙona min rai, muna fita ya yi barci a kafaɗata kafin mu kai wurin zama. Minti biyar ɗin da na roƙa ke nan.

Nas Hadiza:
Na tausaya miki ƙwarai, Yaya. Amma dokar ba ta kamfanin jirgi kaɗai ba ce. Umarnin gwamnatin tarayya ne tun farkon Fabrairu, ya shafi jirgin sama da bas da jirgin ƙasa, daga shekara 2 zuwa sama, kuma kwanan nan aka tsawaita shi zuwa 18 ga Janairu 2022. A Oktoba yana nan daram. Ni kuma a matsayina na mai aikin asibiti, abin da zan gaya wa Maman Iman ya wuce maganar ƙyalle. Nau'in korona na Delta ya cika asibitocin Florida a wannan watan fiye da kowane lokaci tun farkon annobar. Yaranta biyu duk ba su isa rigakafi ba, don daga shekara 12 aka amince a yi. Da ni ce, ɗagawa zan yi.

Abdou Paris:
Nas, to me ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce tun Agustan 2020 kar a tilasta wa yaro ɗan shekara 5 ko ƙasa da haka? Su ba likitoci ba ne? Nan Disneyland ta Paris da aka sake buɗewa 17 ga Yuni, daga shekara 6 ake sawa. Na kai ɗiyata mai shekara 3 fuskarta a buɗe, ba wanda ya ce uffan. Kamfani ɗaya, cuta ɗaya, doka biyu. Ku zo Faransa kawai.

Nas Hadiza:
Malam Abdou, ita tikitin Orlando ta saya. Dokar Faransa ba za ta shigar da ita lilo a Florida ba.

Abdou Paris:
Ni dai abin da idona ya gani na faɗa. Ke kin je ne?

Nas Hadiza:
Ban je ba. Marasa lafiya nake gani kullum, wannan ma gani ne.

Hajiya Ladi:
Kowa da abin da ya sani. Amma gaskiya wanda bai taɓa kokawa da ɗan shekara 2 a bainar jama'a ba ya rage murya. Maganar Maman Hanif ita ce magana.

Dan Gaye:
Hajiya da ni kike ko? To ni ma na yi renon ƙannena bakwai a Fagge, digiri gare ni a wannan fanni.

Baban Zara Bronx:
Bari in amsa tambayar, tunda mu makon jiya muka dawo, kuma Zara shekararta 2 da rabi. Daga 19 ga Agusta sun sake sassautawa: lilon da yake a waje da layin da yake a waje ba dole. Lilon giwa na Dumbo, da dawakin nan masu zagaye, da motar kallon namun daji a filinsu na Animal Kingdom, duk fuskarta a buɗe ta hau. Inda ake buƙata shi ne cikin gini, shaguna, bas ɗinsu da jirgin nan mai tafiya a kan gada, da lilon cikin ɗaki irin Peter Pan da Winnie the Pooh da na kwalekwale mai 'yan tsana masu waƙa. A bakin ƙofa suke dubawa. Mu tambayar shekarunta aka yi, aka ce a ja mata shi kan hanci, cikin fara'a. Ba a kore mu ko'ina ba. Da ta ƙi sam a wani layi, ni na fita da ita, uwarta ta shiga da yayyenta. Dabararmu, ba ma sa mata sai mun zo daf da ƙofa, muna fitowa mu cire. Ki tafi da shi da yawa, don tsotsa suke yi ya jiƙe. Akwai ɗakin kula da jarirai a kowane fili, da sanyi da wurin canza kunzugu, can muke fakewa da rana.

Amma ki sani Mickey, mai shigar ɓeran nan na Disney, ba ya rungumar yara yanzu, daga nesa yake ɗaga hannu.

Maman Iman:
Allah ya saka da alheri Baban Zara, wannan nake nema. A jirgi fa yaya kuka yi?

Baban Zara Bronx:
Mota muka tuƙa, babbar hanyar I-95 tun daga New York, muka kwana a Carolina. Ku daga Maryland kamar awa 13 zuwa 14 ne.

Malam Nura:
Akwai jirgin ƙasa na Auto Train daga Lorton a Virginia zuwa Sanford, kusa da Orlando, ana loda motarka a ciki. Sai dai dare guda ne cur, kuma dokar takunkumin tana aiki a can ma.

Anti Rabi Houston:
Ni tsadar ce ma ta fi damuna. Tikitin shiga dala 109 kowane mutum a rana, ga 25 na ajiye mota.

Baban Zara Bronx:
109 shi ne mafi araha Anti, farashin yana bin rana. Oktoba kuma ga bikin cikar Disney World shekara 50 da za a fara 1 ga wata, kar ta sa rai da wannan farashin.

Hajiya Ladi:
Mu 70 muka saya wajen wani mutum a intanet, har da na ƙaramin.

Baban Zara Bronx:
Hajiya, wanda bai kai shekara 3 ba kyauta yake shiga. Shekarar ƙaramin nawa?

Hajiya Ladi:
Biyu a lokacin. Kai, wato cutata ya yi ke nan?

Dan Gaye:
Wato a wajen biya jariri ne, a wajen takunkumi babban mutum ne. Iman ta zama hajiya tun ba ta yaye ba.

Baban Sadiq:
Ni ina ganin wannan kyautar ma dalili ce ta zuwa yanzu. In kuka ɗaga zuwa bazara mai zuwa ta cika 3, sai an saya mata tikiti. Ga FastPass, tsarin rage jiran layi, da yake kyauta sun ce sun soke, wani sabo ne zai zo, Genie+, dala 15 kowane mutum a rana.

Maman Hanif:
Ku lissafin tikiti kuke yi. Ni na ce idan aka sauke ta a filin jirgi, duk lissafin ya rushe. Ki fasa jirgin ko ki fasa tafiyar.

Maman Iman:
Maigidan ya ce ba zai iya tuƙin awa 14 ba saboda bayansa, ni kuma ban saba da babbar hanya ba. Jirgin awa biyu da ɗan abu ne. Akwai wanda ya yi shi da yarinya irinta aka sauka lafiya?

Hajiya Ladi:
Ku haɗu da wani gidan mana, ku ɗauki babbar mota ana karɓa-karɓar tuƙi, ku kama gida ɗaya a Kissimmee, kusa da Disney. Ya fi otal sauƙi, kuma ki dafa tuwonki.

Anti Rabi Houston:
Kayya Hajiya, kar ki jefa ta a wannan. Haɗakar gida da mutanenmu? Tafiyar Maris ɗin da na ce muku, gida huɗu muka shirya. Ni na sa katina na kama gida mai ɗaki shida da wurin ninƙaya, kowa ya ce in biya zai turo nasa. Saura mako guda, ɗaya ta ce mijinta bai samu hutu ba, ɗaya ta ce tana tsoron korona, kamar ranar ta fara jin labarinta. Mai gidan ya ce lokacin fasawa ya wuce. Mu biyu muka ɗauki kuɗin mutum huɗu. Ɗayar har yau in mun haɗu a masallaci sai ta rungume ni ta ce Anti ban manta ba.

Malam Nura:
Wannan bashi ne a kanta Anti, tunda da yawunta aka kama gidan. Ki sa manya a ciki.

Hajiya Ladi:
To amma wadda ta fasa don tsoron cuta fa? Ba ta kwana ba, ba ta ci ba, a ce ta biya duka? Ni a ganina rabi ya isa.

Anti Rabi Houston:
Rabin ma ina yake? Ko dala ɗaya ban gani ba. Kuma ba ni kaɗai ba ce, ku tambayi waɗanda suka kama zauren walimar Sallah bara, mutum nawa suka rubuta suna, mutum nawa suka biya.

Baban Sadiq:
Anti wannan maganar walimar kar a taso ta a nan, ni ne na riƙe littafin, kuma akwai waɗanda suka biya a hannu ba a rubuta ba.

Anti Rabi Houston:
To a kawo littafin ranar Lahadi bayan azahar, a karanta a gaban kowa.