Blu-ray da wayar HDMI: wanne zan ɗauka a nan Jos?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Shawarar waɗanda suka taɓa saya nake nema. Na sauya talabijin, na ɗauko 4K, wato mai tsananin kyan hoto, mai inci 55. Da na zo haɗa tsohon DVD ɗina sai na tarar babu ramin wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya, sai ramin HDMI kawai, mai ɗaukar hoto da sauti a waya ɗaya. Ga shi yayana ya aiko min da faya-fayan Blu-ray, waɗanda suka fi DVD kyan hoto, daga Amurka, yawanci na namun daji, yara sun hana ni sakat. In sayi injin Blu-ray na gama-gari ne, ko in daure in sayi mai 4K? Sai wayar HDMI: an nuna min ta naira 3,000, an nuna min ta 18,000 mai kan zinare. Tsakanin talabijin da teburin bai kai mita biyu ba.

Ɗan Terminus: Wa alaikumus salam. Faifai a wannan zamanin, Alhaji? 'Yan Kannywood ma da suka rayu a kan faifai sun koma YouTube. Sa data kawai.

Maman Ilham: Ni dai filashi nake kai wa yaron da ke tura fina-finai a bakin layinmu, ya cika min, in soka a bayan talabijin. Ba ruwana da waya.

Baban Khalifa: Na gode, amma faya-fayan suna hannuna. Su nake so a kalla.

Malam Garba Unguwar Rogo: Ƙanena, tsaya ka ji nawa kafin ka fitar da ko kwabo. Bara na sayi injin Blu-ray na hannu a wani shago, 65,000. A gabana mai shagon ya sa faifansa, hoto tas, har gashin giran mutum kana ƙirgawa. Na je gida na sa nawa, sai wani rubutu ya fito, ya ƙi tashi. Na sa na biyu, haka. Na koma washegari, ya ce shi lafiya ya ba ni, kuma kayan da ya fita ba ya dawowa. Har shugaban layinsu muka je, aka ce in yi haƙuri, ɗan'uwa ne. Daga nan wani yaro ya ce zai buɗe min shi ya riƙa cin kowane faifai, in kawo 12,000. Na bayar. Ya riƙe injin har damina ta wuce, kullum "gobe, Baba". Ranar da ya dawo da shi, ko faifan mai shagon ba ya karantawa, wai idon da ke karanta faifai ya mutu, sai an aiko daga Legas. Rimot ɗin ma ba nawa ya dawo min da shi ba. Yana nan a kan firji, uwargida ta ɗora kwandon albasa a kai.

Ɗan Terminus: To ai bai yi asara ba, Baba, ya samu aikin yi 😂

Malam Garba Unguwar Rogo: Yi dariyarka, yaro. Naira 77,000 ce ta tafi.

Hajiya Rayfield: Allah ya mayar da alheri, Malam. Amma 65,000 an tsuga maka. Maigidana 40,000 ya sayi nasa, Sony, har yau yana aiki.

Sani Mai Gyara: Hajiya, wace shekara? Ina jin tun dala ba ta tashi ba. Yau na hannu mai lafiya ba ka samu ƙasa da 80,000.

Abba Farin Gada: Ni satin da ya wuce an yi min tayin wani a 55,000.

Sani Mai Gyara: Je ka saya, sai ka kawo min gyara.

Injiniya Bukuru: Abin da ya sami Malam Garba ba lalacewa ba ce, kullen yanki ne. An raba Blu-ray gida uku. A na Amurka da Japan, B na Turai da Afirka da ƙasashen Larabawa, C na Indiya da Sin da Rasha. Yawancin na hannun da ke shigo mana daga Turai suke, wato B. Baban Khalifa, faya-fayanka na Amurka ne, to juya bayan kwalin. In ka ga A ita kaɗai, injin B ba zai karɓa ba. In ka ga A, B, C tare, ko ba a sa komai ba, galibi zai tashi a ko'ina. Faifan 4K, wanda ya fito a 2016, shi ba a kulle shi da yanki, amma injin 4K ɗin yana nan da kullensa a kan Blu-ray na gama-gari. Kuma in babu faifan 4K ko ɗaya a cikin naka, ban ga dalilin ƙarin kuɗin ba, domin hoton faifan gama-gari 1080 ne, bai kai 4K ba, talabijin ɗin da kansa zai buɗa hoton ya cika fuska. In kuma yayanka zai aiko da injin daga can, a duba bayansa: ƙarfin wutarsu volt 120 ne, namu 230.

Malam Garba Unguwar Rogo: To ina kake bara, Injiniya?

Injiniya Bukuru: Batun waya kuma, kan zinare tsatsa kawai yake hanawa, ba ya ƙara kyan hoto. HDMI ko dai saƙon ya isa, ko ka ga hoto yana ɗauke-ɗauke da ƙyalli-ƙyalli. A mita biyu, duk wadda aka rubuta High Speed ta ishi Blu-ray. In 4K ne, nemi Premium High Speed, mai ɗaukar gigabit 18. Mai gigabit 48 ta masu wasan gem ce.

Sani Mai Gyara: Yallaɓai, wannan karatun littafi ne. Rubutun kwali wa ya hana a buga? Ni da hannuna na yanka wayar 3,000, silin da ke ciki bai kai gashi ba, kan kuma ana zarewa sau uku yake karyewa a cikin ramin. Araha ba ta ado.

Injiniya Bukuru: Ban ce ya sayi jabu ba, Malam Sani. Cewa na yi ta 18,000 ba ta fi ta 6,000 mai kyau hoto ba.

Sani Mai Gyara: Kai a ofis kake, mu ake kawo wa gawar.

Hajiya Rayfield: Shi mai gyara ai ba a tambayarsa abin da ba ya lalacewa, kasuwarsa ce.

Abba Farin Gada: Alhaji, ka sayi injin gem na PS4 kawai, tana cin Blu-ray, yara su samu ƙwallo. 4K ne ba ta ci, sai PS5 mai ramin faifai. Samsung da LG ma sun daina ƙera sababbin injinan Blu-ray.

Injiniya Bukuru: Ita ma PS ɗin tana da kullen yanki a fim.

Baban Khalifa: Gem a gidana, ana fama da jarrabawa? Injiniya, na duba guda uku, biyu A ne, ɗaya babu komai. Sauran suna ɗakin yara.

Maman Ilham: Duk wayar da za ka saya, Alhaji, ka riƙa zare ta in hadari ya taso. Tsawar Jos ba wasa ba. Ta wayar dish ta shigo mana, ta cinye dikoda, ta bi HDMI ta kashe ramuka biyu na talabijin, alhali soket a kashe yake.

Sani Mai Gyara: Wannan gaskiya ce, Anti. Da damina shi ne rabin aikina. Sitabilaiza ba ta tare wannan.

Malam Garba Unguwar Rogo: Ku da kuke da wutar ma kenan. Mu tun da tiransifomarmu ta ƙone aka bi gida-gida aka karɓi dubu biyar-biyar, har yau shiru, kuma takardar kuɗin wuta ba ta fasa zuwa ba.

Ɗan Terminus: Dubu biyar? Mu dubu bakwai muka bayar, masu shago dubu goma.

Hajiya Rayfield: Ku nemi mita mana.

Malam Garba Unguwar Rogo: Hajiya, mita ce za ta kawo wutar? Na cike takarda tun kafin azumi. Wa ya riƙe kuɗin a layinku, Ɗan Terminus? Mu wanda ya karɓi namu ya daina zuwa masallacin unguwa.

Ɗan Terminus: Kwamiti ne, Baba, mutum biyar. Biyu sun ce kuɗin yana wurin ukun.